Sau nawa a shekara ya kamata mai ritaya ya riƙa hawa jirgin ruwan shaƙatawa?

Alhaji barka da hutawa, Allah Ya sanya albarka a abun da aka tara. Na karanta tambayar taka sau biyu kafin na zauna rubutu. Ka ce shekarunka 66 Hajiya kuma 61, kuna zaune a Houston ta jihar Teksas a Amurka, bara kun shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa na kwana bakwai daga tashar Galveston, irin tafiyar nan da ake ce wa kuruz, abun ya yi muku daɗi, yanzu Hajiya ta kafe a kan duk wata uku a koma, kai kuma kana ganin sau ɗaya a shekara ma ai an yi ƙoƙari. Ka kuma ce kai fasfon Amurka gare ka, ita har yanzu na Najeriya take riƙe da shi tare da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka. Kana so a raba muku gardama.

Toh ni dai shekara 14 na yi a wani ofishin shirya tafiye-tafiye a Maryland, rabin aikina sayar wa dattawa irin wannan tafiyar ne, na ga wanda ya yi ta jin daɗinta har ƙarfinsa ya ƙare, na kuma ga wanda ta fita masa a rai cikin shekara guda. Amsata a gajarce: sau biyu a shekara, ɗaya ta kusa ɗaya ta nesa, ku yi haka shekara biyu tukuna sannan ku sake zama ku duba. Kar ka ce na raba muku tsakiya ne don kar wani ya ji haushi, wallahi ba haka ba ne, in ka biyo ni za ka ga lissafin ne da kansa ya kawo mu nan.

Da farko ku daina ƙirga sau nawa, ku koma ƙirga kwana nawa. Tafiya huɗu ta kwana huɗu-huɗu kwana 16 ke nan, tafiya ɗaya ta tsallaka Tekun Atilantika kuwa kwana 14 ce ko 15, a takarda kusan ɗaya suke amma a jiki da aljihu ba su haɗa hanya ba. Kowace tafiya tana da wahalar da ba ta raguwa ko gajeriya ce ko doguwa, haɗa kaya, tuƙi zuwa tasha, kuɗin ajiye mota, layin shiga, jiran akwati ya iso ƙofar ɗaki wani sa'in sai bayan la'asar, ranar fita kuwa tun da sassafe ake kora mutane waje sabida kafin azahar sabbin fasinjoji sun fara shigowa. Ka ga ta kwana huɗu in ka cire ranar shiga da ranar fita, yini uku ne kacal cikakku a hannunka. Ku Allah Ya taimake ku Galveston na kusa, awa ɗaya da 'yan mintoci a mota ba sai an hau jirgin sama ba, wannan ba ƙaramar riba ba ce, sai dai tana da nata aibin, zan dawo kansa.

Sai kuɗi. Farashin da ka gani a talla ba shi ne kuɗin tafiya ba, tana ce aka sa a bakin ƙugiya. Akwai tukwicin ma'aikata da ake ɗorawa kai tsaye a asusun ɗakinku kullum, a manyan kamfanonin nan irin su Carnival da Royal Caribbean da Norwegian yana kamawa daga dala 16 zuwa 20 kowane mutum kowace rana. Ɗauki 18, ku biyu, kwana bakwai, dala 252 ke nan ba ku sayi ko tsinke ba. Intanet na jirgi saye ake yi, kuma na san Hajiya ba za ta yi mako guda ba ta ga jikoki a WhatsApp ba. Yawon gari a kowace tasha in ta hannun jirgin ka saya dala 60 zuwa 150 kowane kai ba abun mamaki ba ne. Ga inshora, ga hotuna, ga ɗan tsarabar da ba a rasa ba. Abun da na saba gaya wa kwastomomina shi ne ka ɗauki kuɗin tikitin ka ƙara rabinsa a kai, in akwai jirgin sama a ciki kuwa ka ninka shi gaba ɗaya, da wuya ka yi nisa da gaskiya.

Wuri ɗaya da ku kuka ci riba, kamfanonin nan ɗakin da suka sayar da araha a mashaya da ɗakin caca suke fanshewa. Kai da ba ka sha ba ka caca, kusan a wuyan wasu kake tafiya. Don haka duk tallar da ka ga an ce "komai a ciki" ka duba da kyau, sau tari kuɗin giya ne aka cusa a farashin, ka biya wa abun da ba za ka taɓa ba.

Kafin ma a zo maganar sau nawa, ka zauna ka ware kuɗin yawo na shekara guda, bayan ka cire abinci da harajin gida (na Teksas kuwa ka fi ni sanin ba wasa ba ne) da inshorar lafiya da magani, sannan ka cire abun da Bature ɗan ritaya ba ya sa shi a lissafi amma mu ba ma iya tsallake shi: tikitin zuwa gida, kuɗin makarantar 'ya'yan ƙanne, biki da suna da rasuwa, kayan azumi, ragon layya nan da can, da Umara in ana da niyya. Masu ba da shawarar kuɗi a nan ƙasar suna yawan kafa hujja da lissafin da William Bengen ya fitar a 1994, cewa in mutum ya ciri kusan kashi 4 cikin 100 na abun da ya tara a shekarar farko, yana ɗan ƙarawa gwargwadon tashin farashi, kuɗin na iya kai shi shekara 30. A ce mutum ya tara dala 500,000, wato 20,000 ke nan a shekara ban da abun da Social Security, wato fanshon gwamnatin Amurka, ke ba shi. In kowace tafiya ta ci muku 3,500 ku biyu, huɗun da Hajiya ke so 14,000 ke nan, ka ga abun da ya saura. Biyu kuwa, ko da ɗayar ta fi tsada, akwai wurin numfashi. Kai ka san naka lambobin, ka sa su a gurbin waɗannan.

Wani abun kuma, kuɗin yawo shi ne ya kamata ya fara shan wuƙa duk shekarar da kasuwar hannun jari ta faɗi, to amma ba za ka iya yanke shi ba in ka riga ka ɗaure kanka da tafiya huɗu ko biyar a gaba. Yawanci ana cika kuɗin tafiya kwana 75 zuwa 90 kafin tashi, dogayen ma har 120, daga nan in ka fasa abun da za a mayar maka yana ta raguwa har ya zama babu. Kafin alƙalamin da aka yi wa rahusa kuma galibi ba a mayar da shi. Kamfani ma yana durƙushewa, a farkon 2022 Crystal Cruises ta rushe har aka kama jiragenta biyu a Bahamas kan bashin mai, mutane da yawa kuɗinsu ya maƙale. Ku biya da katin bashi don ku samu mafaka in hakan ta faru, ku kuma goge bashin a cikin watan kafin kuɗin ruwa ya hau.

Yanzu bari in zo inda nake goyon bayan Hajiya, don tana da gaskiya a wani wuri da kai ba ka hango ba. Ƙarfin da kuke da shi yau ba ajiya ba ne da za ku je ku ɗauko a shekara 78. Na lura da dattawan da na yi wa hidima kusan hawa uku suke bi, shekara goman farko bayan ritaya ƙafa na ɗauka, sai wasu shekaru da ake tafiyar amma a hankali ana zaɓar mai sauƙi, sai lokacin da likita da gwiwa ke yanke hukunci ba aljihu ba. Wanda ya ce bari in yi ta tattali sai nan gaba, sau da yawa nan gaban na zuwa kuɗin na nan ƙafar babu. Shi ya sa sau ɗayan naka ya yi kaɗan a yanzu, nan da shekara goma sha biyu shi ne zai zama daidai.

Ba zan manta wata safiya ba a wata tasha da jirgi ba ya iya matsawa bakin gaɓa, sai dai ya tsaya can cikin ruwa a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage. Ina tsaye a layi bayan wani dattijo da matarsa, zai kai 80, da sandarsa. Ƙaramin jirgin yana hawa yana sauka da igiyar ruwa, tazarar da ke tsakaninsa da dakalin babban jirgin tana buɗewa tana rufewa, ma'aikata biyu sun riƙe shi ta hammata suna jiran daidai lokacin da ruwa zai ɗago. Sau uku yana miƙa ƙafa yana janyewa. Daga ƙarshe ya girgiza kai ya ce wa matar ta je ita kaɗai ta ɗauko masa hoto, ita ma ta ƙi, suka juya tare suka koma lif. Tashar da suka biya kuɗin tafiyar dominta ke nan. Tun daga ranar duk wanda ya zo min yana da ɗan sauran ƙarfi nake ce masa ya fara da masu wuya.

Masu wuyar su ne irin Bahar Rum. Jirgi zai ce ya tsaya Rum amma a Civitavecchia yake tsayawa, kusan awa ɗaya da rabi a bas kafin ka shiga birnin, ka yini kana taka dutse, ka dawo a gajiye gobe kuma wata tashar. Santorini a Girka ƙaramin jirgi ne zai kai ka gindin dutse, daga nan ko ka bi layin motar igiya ko ka hau matakala kusan 600. A watan Yuli da Agusta ga zafi ga cunkoso, Mayu ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba sun fi. Alaska ma a yi ta da wuri, lokacinta gajere ne, daga Mayu zuwa Satumba, ana tashi daga Seattle ko Vancouver, in za ku je ku nemi jirgin da ke shiga Glacier Bay, mashigin ruwan nan mai tsaunukan ƙanƙara, don manyan jirage biyu kawai ake bari su shiga a rana, ba kowane ke da izini ba. Karibiyan kuwa tana nan ba inda za ta, ita ce ta tsufa, ko da keken turawa ana yin ta.

Maganar lafiya ita ce wadda mutane ba sa son ji, kuma ita ce ke ƙara nauyi duk sanda aka ƙara yawan tafiya. Medicare na asali, wato inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ke ba 'yan shekara 65 zuwa sama, ba ya biyan jinyar da aka yi maka a cikin jirgi in jirgin ya yi nisan fiye da awa shida daga tashar Amurka. Wasu tsare-tsaren Medigap, inshorar ƙari da ake saye don cike giɓin Medicare, suna biyan kashi 80 cikin 100 na jinyar gaggawa a ƙasar waje amma iyakarsu dala 50,000 ce a duk tsawon rayuwa, ba a shekara ba. Hajiya kuma ba ta kai 65 ba, tata inshorar daban ce, ku kira su ku tambaya baki da baki ko tana aiki a teku da ƙasar waje. Asibitin jirgi ba kyauta ba ne, a asusun ɗakinka ake ɗora kuɗin kamar ka sayi kaya a kanti, kuma in abun ya fi ƙarfinsu sauke ka za su yi a tasha mafi kusa jirgi ya wuce abunsa. Na taɓa samun wata kwastoma da mijinta ya samu matsalar zuciya a kwana na uku, aka sauke su a wani tsibiri, asibitin can ya ce sai an ajiye kuɗi kafin a kwantar da shi, jirgin saman jinya da ya dawo da shi gida ya ci dubban daloli masu yawan gaske, abun da ya cece su kawai inshorar tafiyar da ta so ta ƙi saye na matsa mata. Ku sayi inshorar da ke da kuɗin kwaso mara lafiya, kuma ku saye ta cikin mako biyu zuwa uku da biyan kafin alƙalami, don a yawancin kamfanoni wannan ne sharaɗin da zai sa su yarda da ciwon da kake da shi tun da, irin hawan jini ko suga. Kuɗinta kuma yana hawa da shekaru, abun da za ka biya a 66 ba shi za ka biya a 75 ba. Akwai ta shekara guda da ke rufe duk tafiye-tafiye, ta fi sauƙi in za a yi uku ko fiye, amma a duba iyakar kwanakin kowace tafiya.

Magani a jakar hannu ba a akwati ba, da ƙarin na mako guda ko biyu. Waɗanda ke cikin jirgin Diamond Princess a Fabrairun 2020 ba su san za a tsare su a tashar Yokohama ta Japan ba, cikin mutum 3,711 sama da 700 suka kamu da korona. Ba don in tsorata ku ba, amma wuri ne da dubban mutane ke taɓa cokalin zuba abinci ɗaya. Cutar amai da gudawa da ke yawan zagaya jirage ma man goge hannu ba ya kashe ta sosai, sai ruwa da sabulu. Sannan bufe, Alhaji, wurin nan da ake jera abinci kowa ya ɗiba son ransa. Abinci daga asuba har tsakar dare, gishiri ya yi yawa, ƙafa na kumbura. Mako guda sau biyu a shekara jiki zai ɗauka ya warware, amma duk wata uku ga mai suga, likitanka zai gani a gwajin jini ko ba ka faɗa masa ba.

Ɗauko kalanda ma ka gani, ita kaɗai ta isa ta raba gardamar. Cire watan azumi, don ko da matafiyi na da rangwame ba mai hankalin da zai biya kuɗin bufe ya je ya yi ta kallonsa, ga tarawihi ga goman ƙarshe. Cire sallah ƙarama da babba. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa wajen Fabrairu da Maris, babbar sallah wajen Mayu da Yuni, kuma duk shekara suna matsowa da kusan kwana 11. Cire wata ɗaya ko biyun da kuke yi a gida. Lokacin mahaukaciyar guguwa a Atilantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, jirage na tafiya kuma da araha amma ana iya canza muku tasha ko a jinkirta dawowa, ku mutanen Houston ba sai an ba ku labarin guguwa ba. Cire hutun 'yan makaranta na Maris da na bazara da na Kirsimeti, lokacin farashi na sama jirgi kuma cike da yara da hayaniya, kuma babbar ribar ritaya ai ita ce ba dole ka yi tafiya sanda kowa ke yi ba. Abun da zai rage maka bai wuce taga biyu ko uku ba: ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, Satumba in Alaska ce ko Turai, sai Nuwamba zuwa farkon Disamba ko Janairu in Karibiyan ce. Ko a hunturun ma Galveston na da hazo da kan hana jirgi shigowa da wuri, kar ku sa wani alƙawari a ranar dawowa.

Aibin Galveston da na ce zan dawo kansa shi ne tashoshinta kusan ɗaya ne kullum, Cozumel, Costa Maya, Progreso, Roatán, Belize, a juya a sake juyawa. Na farko komai sabo ne. Na huɗu kun san mai sayar da hula a bakin tashar Cozumel, kun san ranar da ake kawo wane abinci a ɗakin cin abinci don jadawalin mako-mako ne, kun san barkwancin da mai gabatar da wasa zai yi kafin ya buɗe baki. Akwai wasu mata da miji da suka yi shida a shekararsu ta farko ta ritaya, ni na yanka musu duka, ina jin daɗin kamasho ba zan ɓoye ba. A ta shidan matar ta ce min ko sauka ba su yi ba a tasha biyu, a ɗaki suka zauna suna kallon talabijin. Shekara uku ban sake ganinsu ba. Abun marmari in ya zama tuwon kullum ya tashi daga marmari, kuma kuɗin da aka zuba a shidan nan da ya kai su Alaska da Turai har da canji.

Ku yi hattara da teburin nan da ke cikin jirgi inda ake yankar tikitin tafiya ta gaba. A daren jajibirin sauka ake cika shi, mutum na cikin shauƙi ga baƙin cikin komawa gida, a ce masa kawo dala 100 ko 200 kawai. Rangwamen gaskiya ne amma ba shi da yawa. Haka ma matakan tsofaffin kwastomomi. A Royal Caribbean maki ɗaya ake ba ka duk dare, sai ka tara 80 ka zama Diamond, a riƙa ba ka 'yan kofunan abun sha kyauta kullum da ɗan rangwame nan da can. Na ga mutanen da ke ƙara tafiyar da ba sa marmari don kawai su kai matakin, su kashe dubbai don a ba su lemo. Kuma dokar a hannun kamfani take, Carnival ta sanar a 2025 cewa za ta sauya nata tsarin ya koma kan yawan kuɗin da ka kashe, waɗanda suka shekara da shekaru suna tara kwanaki suka yi ta ƙorafi.

Masu cewa a sayar da gida a koma jirgi da zama kuwa, a tuna da kamfanin Life at Sea da ya tallata tafiyar shekara uku ya soke a Nuwamban 2023 don bai samu jirgi ba, bayan wasu sun riga sun sayar da gidajensu, da jirgin Villa Vie Odyssey da fasinjojinsa suka yi wata huɗu a Belfast a 2024 suna jiran gyara. Wannan ba taku ba ce, na faɗa ne don na san tallar za ta biyo ku a Facebook.

Takardun Hajiya su ma suna da bakin magana. Girin kad ya isar mata shiga Kanada ba biza, don haka Alaska ba matsala, duk da jiragen da ke tashi daga Seattle sai sun taɓa tashar Kanada sabida wata tsohuwar dokar Amurka ta 1886. Amma Turai fasfo ake dubawa ba girin kad ba, Sifaniya da Italiya da Girka sai da bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, in jirgin zai taɓa Ingila kuma wata bizar ce daban. Kuma kar wani ya ce muku ai sai ta zauna a jirgi ba sai ta sauka ba, in babu bizar tun a tashar farko za a hana ta shiga kuma ba a mayar da kuɗi. Fasfon ya zama da sauran aƙalla wata shida bayan dawowa, ka san sabunta fasfon Najeriya daga nan ba abu ne na kwana biyu ba. Neman biza sau ɗaya a shekara abu ne mai yiwuwa, sau uku ya zama aiki.

Ta fannin ibada, abincin halal a manyan jiragen nan sai an nema tun da wuri, wata biyu ko fiye kafin tashi, wani jirgin ya kawo wani ya ce babu, in babu kifi da ganye da ƙwai sun wadatar na mako guda, amma a tambayi mai hidima kan miya da kayan zaƙi don ana sa giya a wasu. Mako biyu a kan kifi kuwa sai mai haƙuri, wannan ma a sa shi a lissafin doguwar tafiya. Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, kamfas ɗin waya kuma ƙarfen jirgin na rikita shi, ni tashar talabijin ɗin ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa nake dubawa, ko in tambayi masu gyaran ɗaki, da yawansu 'yan Indunisiya ne Musulmi, da murna za su nuna maka. A Alaska a watan Yuni yini na kai awa 18 a Juneau, isha da asuba sun kusa haɗewa, ku tambayi malaminku wannan da hukuncin ƙasaru da haɗa salla tun kafin ku tashi. In kuna son inda duk wannan ba zai zama abun tunani ba, Saudiyya ta fara nata jirgin AROYA daga Jidda a Disamban 2024, ba giya ba caca abinci halal, shekarar da za ku yi Umara ana iya duba ko jadawalinsa ya dace a haɗa.

Da ni ne kai ga yadda zan tsara. Shekarar farko Alaska ta kwana bakwai a ƙarshen Mayu ko farkon Satumba, a wannan kam ku biya ɗaki mai baranda don abun kallon a waje yake, sai ta kwana bakwai daga Galveston a Nuwamba ko farkon Disamba a ɗakin ciki mai araha, tsakiyar jirgi hawa na ƙasa inda ba a jin jijjiga sosai. Shekara ta biyu ku gwada ta tsallaka teku, jiragen da ke komawa Turai daga Fulorida a Afrilu da Mayu, kwana 14 ko makamancin haka, kuɗin kowane dare ya fi na ko'ina sauƙi don kamfani dole ya kai jirginsa can ko da fasinja ko babu, sai dai za ku sayi tikitin jirgin sama na dawowa kuma za ku yi kwana shida ko bakwai a jere ba ku ga ƙasa ba, a nan ne za ku gane ko tekun kuke so ko garuruwan. Duk tafiyar da kuka dawo ku rubuta abun da ta ci tun daga man mota har tsaraba, kuma kar a yanki wata sai an yi mako biyu a gida akwati ya koma ma'ajiyarsa.

In an yi haka Hajiya ta ce har yanzu biyu ba su ishe ta ba kuma kuɗin yawon bai ƙare ba, sai a ƙara ta uku gajeriya daga Galveston, kwana huɗu ko biyar, kuma ba dole da kai ba tunda kai abun bai kama ka kamar ita ba. Ta tafi da ɗaya daga cikin yaran, amma a tabbata su biyu ne a ɗakin, don farashin da ake tallatawa na mutum biyu ne a ɗaki ɗaya, mai tafiya shi kaɗai kusan kuɗin mutum biyun ake cajinsa. A gaishe min da ita.